Ƙwayoyi a Gwangwanin Ƙusa

Sati uku likita ya ce a jira. An yanki ɗan nama daga ƙullutun da ya fito wa Baba a wuya, an kai ɗakin gwaji don a gano ko ciwon daji ne. Iyakar abin da aka faɗa ke nan. Amma babbar 'yarsa, wadda kowa a gidan ke kira Yaya, tun a hanyar komawa gida ta gama yanke hukunci a ranta.

Yaya mace ce mai son mahaifinta kamar me, sai dai akwai ta da azarɓaɓi. Ta duƙufa a kan waya tana karanta alamomin cutar, kowacce ta gani sai ta ce Baba na da ita. Ta hana shi zuwa shagonsa na kafinta, inda ya shekara arba'in yana aiki. Ta buɗe rukunin 'yan uwa a waya, ba ta sa shi a ciki ba. Da ya shigo falo, sai hira ta mutu.

Ai kuwa sai dangi suka fara tururuwa. Goggo, wadda rabonta da gidan tun bara, ta tsaya a bakin ƙofa tana sharar hawaye da gefen mayafi. Ƙanin Baba, da suka shekara shida ba sa ga maciji, ya zo ya durƙusa yana neman gafara.

To, Baba ba yaro ba ne. Ya dubi fuskokin nan, ya ce a ransa lallai likita ya gaya wa yara abin da ya ɓoye masa. Bai tambayi kowa ba, don kada ya ɗaga musu hankali. Su ma ba su ce masa komai ba, don kada su ɗaga nasa.

Ya kira maƙwabcin shagonsa ya ba shi zartonsa da gudumarsa, ya roƙe shi ya ƙarasa teburin karatun da ya fara wa jikarsa. Yaya ta gani, ta shige kicin ta sha kukanta. Ita a ganinta jikinsa ne ya gaya masa.

Saura kwana biyu sakamako ya fito, da safe, Baba ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, kofin ya suɓuce, shi ma ya bi shi ƙasa.

A asibiti aka ce jininsa ne ya hau sosai. Likita ya tambaya ko yana shan maganin hawan jininsa. Yaya ta rantse kullum da hannunta take ba shi. Sai da ta koma gida ɗauko masa kaya, ta buɗe gwangwanin ƙusoshin da ke ƙarƙashin gadonsa, ta tarar da ƙwayoyin a ciki, fiye da na kwana goma. 

Ta dawo ta ajiye gwangwanin a gefen gadonsa.

"Baba, me ya sa?"

"Wanda ake zuwa yi wa bankwana, me zai yi da magani?" in ji shi a hankali. "Na ga kun riga kun sani."

"Wallahi Baba ba mu san komai ba. Tsoro ne kawai."

Baba ya ce, "Tsoro? Ai da kin faɗa mini, da mun ji shi tare."

Bayan kwana biyu sakamako ya iso. Ba ciwon daji ba ne, ƙullutun kitse ne da za a cire cikin ɗan lokaci. Yaya ta zube a ƙasa tana hamdala, tana dariya tana kuka, har ma'aikaciyar jinya ta ce ta tashi kada a tattake ta. Daɗi ya cika ɗakin.

Sai dai hannun Baba na dama ya yi sanyi. Likita ya ce hannun zai dawo daidai da yardar Allah, amma sai an yi watanni ana motsa shi. Abin da ake tsoro bai taɓa shi ba. Shirun da aka yi masa ne ya kwantar da shi.

Ranar da aka sallame shi, Baba ya sa aka kira maƙwabcin nan. Ya ce a maido masa zartonsa, ai aro ya bayar, kuma kada kowa ya taɓa teburin jikarsa. Ya juya ga ƙaninsa ya ce gafarar da ya yi masa dai tana nan, ba zai karɓe ta ba. Falo ya kaure da dariya. Yaya ta miƙa masa ƙwaya da ruwa, ta tsaya a kansa har ya haɗiye, ta ce ya buɗe baki ta gani.

Jama'a, jiran sakamako ba sakamako ba ne. Idan naku na jira, ku gaya masa abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba, ku bar shi ya ci gaba da rayuwarsa da shan maganinsa. Kada tsoronku ya yi masa illar da cutar ba ta yi ba.