Sharaɗin Mama

Mai gabatar da shirin waƙoƙi ta fito shan ruwa, ta tarar da wanda za ta aura zaune a bencin baƙi na gidan rediyon, yana juya makullin mota. Bai ɗago ba.

"Mama ce ta aiko ni," ya ce. "Wai matar da duk gari ke jin dariyarta da mawaƙa da 'yan fim ba ta zaman gida. In kin bar aikin, ta amince."

"Kai fa, me ka ce mata?"

Ya dubi bango, ya dubi takalminsa.

"Uwa ce," ya ce a hankali.

Sai ta zare zoben baikonsu, ta ajiye a gefensa.

"Ka gaishe ta."

Mai haɗa sauti ya ƙwanƙwasa gilashin ɗakin watsa shiri, lokaci ya yi. Ta koma ɗakin ita kaɗai, jar fitila ta kama. Wanda ya fara bugo waya ya nemi a sa wa amaryarsa waƙa. Ta taya shi murna da fara'a, ta sa waƙar, sannan ta kashe makirufo ta kifa kai a tebur.