Yaren da Shugaban Filipin Ya Zaɓa

Da la'asar ce, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar gidanmu, a Gadarif, inda Larabci ne yaren gari. Baba bai daɗe da dawowa daga aikin kanikanci a Jidda ba. Yana shan gahawar jabana, ƙamshin citta ya cika wurin, yana ba ni labarin abokin aikinsa, mutumin Filipin.

Ya ce, "Ƙasarsu tsibirai ce, kowa da yarensa. Wani shugabansu na farko-farko ya zaɓi yare ɗaya don ya haɗa kansu, har gobe suna girmama shi. Amma ba yaren su abokina aka zaɓa ba. 'Ya'yan abokin nawa a birni suka tashi, ba sa jin maganar kakarsu."

Na tambaye shi da Larabci ko tsohuwar ta yafe wa shugaban.

Baba ya ajiye finjali. "Sake tambayata da Hausa, uwata."

Na buɗe baki, kalmomin suka ƙi haɗuwa. Bai yi faɗa ba, ya dai daɗe yana kallona.

Yanzu ya tsufa. In 'ya'yana sun shiga wurinsa, daga gaisuwa sai shiru, don ba sa jin Hausa, ni kuwa in rasa inda zan sa idona.