Kwarin Ɗanbala

Ɗanbala ya danne kibiyar da ƙafa a kan turmin da ya kife a zaure, ya ɗora mata magagari yana gurza kamar mai jin haushinta. Ya ɗaga, ya kanne ido ɗaya ya duba. Kunnen dama ya fi na hagu tsawo. Ya rage na dama, sai na hagu ya fi. Kafin azahar kibiyar ba ta da kunne ko ɗaya.

Ga abin da ya jefa shi cikin wannan aikin da bai gada ba. Sarkin Bakan ƙauyensu, can gefen Fagam, ya rasu, dattawan maharba suka ce ranar Asabar za a rataya ƙoƙo a reshen kuka, a ja da baya taku hamsin, wanda ya fi samu shi ne sabon sarki. Mutum biyu ake magana, Ɗanbala da wani Munzali, ɗan bayansa da shekara goma sha biyar. Shekara ashirin da shida ke nan Ɗanbala bai san kuskuren hari ba. Har an fara ce masa ranka ya daɗe a bakin kasuwa, yana hanawa da baki, yana jin daɗi a zuci.

Da ma maharba suna da doka: hannun mace ba ya taɓa kwari, in ya taɓa, asirin ya karye. A da Ɗanbala rataye nasa yake yi a ƙusa bayan ƙofa, don matarsa Hapsatu 'yar maƙeran Yalwan Damai ce, ta san dokar tun a gidan ubanta. Amma sarauta ba abin wasa ba ce. Da ya je Birnin Kudu ya sayo sabbin kibau tara wurin Salihu maƙeri, inda ya saba saye, sai ya haɗo da akwatin ƙarfe da kwaɗo, ya ɗaure mabuɗin a ƙugu.

Washegari ya fita gwaji bayan gari. Ta farko ta bi dama, ta biyu ta yi hagu, ta uku kuwa saura kaɗan ta raba wani bawan Allah da jakinsa.

Ya hau acaɓa ya koma Birnin Kudu a fusace. Salihu ya jujjuya kibau, ya rantse haka yake ƙera su tun yana saurayi, ko gudumarsa bai sake ba. Ɗanbala ya dawo gida da zargin Munzali ne ya yi masa jifa. Ya yi turare, ya sha rubutu, ya sake fita gwaji. Ƙoƙon da ya rataya yana nan lafiya lau.

Sai ya tsare Hapsatu a madafi.

"Tsakaninki da Allah, kin taɓa kwarina?"

"Malam, tun da ka sa kwaɗon nan ko kusa da shi ban je ba."

Ya san ba ta ƙarya, ya ƙyale ta. Ya dai ari 'yan kayan da take wasa wuƙa da liƙe tukunya, magagari da filaya da ƙaramar guduma, ya ce shi zai gyara abinsa da kansa.

Kwana uku yana fama. Ya kara karan kibau a garwashi don su miƙe, biyu suka ƙone ƙurmus. Ya kwance jijiyar da ke riƙe ƙarfen, ya mayar da ita a karkace. Hapsatu in ta zo wucewa sai ta cije leɓe ta kau da kai.

Ranar Juma'a ya sare. Ya watsa bakwai ɗin da suka rage cikin akwatin, ya bar shi a buɗe, don a ganinsa babu sauran asirin da za a karya. Ya tafi masallaci a Gwaram kamar kullum, bai dawo ba sai dab da magariba. Tsoro yake ji na gaske, gobe Munzali zai hau, shi kuma a riƙa nuna shi da baki.

Asabar gari ya cika a gindin kuka. Munzali ya harba uku, biyu suka samu. Ɗanbala ya fito, ya zaro kibiya bai ko yarda ya dube ta ba, ya yi bismilla ya saki. Ƙoƙo ya ce ƙwas. Aka rataya wani ya fashe, aka rataya na uku ya bi su. Makaɗa suka ɗauka.

Da yamma sabon Sarkin Baka ya baje a zaure yana koya wa mutane gyaran kibiya.

"Kwana uku na yi a kansu. Amma babban sirrin, hannun mace bai taɓa sauka a kan kwarina ba."

A cikin gida 'yarsu Munawwara, wadda ta zo taya girkin biki, ta ga yatsun uwarta uku ɗaure da tsumma.

"Inna, me ya yanke ki haka?"

Hapsatu ta leƙa ta ga ba kowa, ta rage murya.

"Rufa mini asiri, 'yar nan. Shekara ashirin da shida ina gyara wa babanki kibau in ya tafi Juma'a, ban taɓa shan wuya irin ta jiya ba, don sai da na fara warware gyaransa."