Tsohon Kwanson Harsashi da Bijimin Huɗa

Kai da kake yatsina fuska da zarar an ce maka abu gyararre ne, gyara zama ka ji abin da ya faru da wani manomi.

Mutumin nan maharbi ne tun yana saurayi, yana da bindigarsa mai baki ɗaya da takardar izininta. A garinsu, duk shekara kafin saukar damina, ƙungiyar maharba takan shirya gasar harbi a fako bayan gari. Sai a kafa faifai a jikin gungume, a shafa baƙin tukunya a tsakiyarsa kamar faɗin tafin hannu, kowa ya ja da baya taku sittin ya yi harbi bakwai. Wanda ya fi huda baƙin, shi ke tafiya gida da bijimi. A wannan shekarar manomin yana son bijimin nan kamar ransa, domin ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya mutu da rani, kuma sa ɗaya ba ya jan garma. In bai samu ba, da fartanya zai tari damina, ga ƙugu ya fara gardama.

Sabon harsashi kuwa tsada gare shi, mai koyon saiti ba zai iya yini yana ƙona shi ba. Don haka duk kwanson da ya harba sai ya tsince, ya kai wa wani tsohon maƙeri a ƙarshen kasuwa, wanda hukuma ta yarje wa sake cika su. Tsohon nan bai san gaggawa ba. Zai ɗaga kwanso ɗaya bayan ɗaya ya duba a hasken rana, wanda ya tsage ya jefa shi kwando ko da mai shi zai yi kuka. Albarushi a ɗan sikeli irin na masu zinariya yake auna shi, ba ƙari ba ragi, shi ya sa na farko da na ɗari duk fitarsu ɗaya. Kuɗin sabo guda yana cika tsoho uku. Wata uku manomin ya yi yana gwaji da su, har kafaɗarsa ta haddace bugunsu, idonsa ya san inda suke sauka.

Ana gobe gasa sai ya ji labari wai mutanen birni za su zo da harsasai sababbi fil, 'yan kwali, suna ƙyalli. Nan fa shaiɗanin girman kai ya hau masa wuya. Shi da gemunsa zai fito da kwansuna masu dusashewa a gaban baƙi? Ya kama zakarunsa ya kai kasuwa, ya sayo sababbi guda bakwai. Da safe da zai wuce ta ƙofar maƙerin sai ya ɗaga kai sama, kamar mai neman wata da rana tsaka.

Aka yi ta harbi har wani baƙo daga birni ya huda baƙin sau huɗu, babu wanda ya kamo shi. Aka kira manomi. Ya ɗura sabon harsashi yana ta jan hannun riga don kowa ya gani, ya saita, ya ja kunama. Bindiga ta hamɓare shi kamar jaki, dalma ta bi ta saman faifai, ganyen wata aduwa da ke bayansa ya zubo. Na biyu ya ɗan gutsuri gefe. Ba wai harsashin ba shi da kyau ba ne, baƙo ne kawai, bai san bindigar ba, kafaɗar ma ba ta san shi ba. Fili ya ɗauki dariya, ga shi saura harbi biyar, kuma in ya kuskure ko ɗaya bijimi ba nasa ba ne kai tsaye.

Sai ga tsohon maƙeri ya ratso taro da sandarsa. Ya kwance wani ɗan tsumma, ga kwansuna biyar masu dusashewa a ciki.

“Ga naka, ka manta su a wurina,” in ji shi.

“Baba, wallahi kunya ce ta…”

“Kunya ba ta huɗa. Harba.”

Da ya ja kunama, bugun da ya sani ne ya sauka a kafaɗarsa, sai ya ji hankalinsa ya dawo jikinsa. Ya harba na biyu, ya harba na uku, masu dariya suka yi tsit. Da na biyar ya tashi, Sarkin Baka, shugaban maharba, ya je da tsinke yana zurawa a ramukan yana ƙirgawa da ƙarfi, duka biyar a cikin baƙi. Mata suka rangaɗa guɗa, masu garaya suka ɓarke da kiɗa, baƙon birnin ma ya zo ya miƙa hannu yana tambayar ina ake samun irin wannan harsashi. Daɗi ya kashe manomi har ƙwalla ta cika masa ido.

Aka miƙo masa igiyar bijimi, ya ce a dakata tukuna. Ya durƙusa a gaban jama'a ya tsince kwansunan da ya harba duka bakwai, ya zuba su a tafin tsohon, ya nuna sababbin nan biyu ya ce, “Baba, waɗannan ma a tafi da su a koya musu hankali.”

To ka ji, malam. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, da tsohuwar zuma ake magani.