Ɗalibai Ukun da Suka Rage wa Dakta

Ƙarfe goma daidai Dakta ya kunna kwamfuta, ya gyara wuyan rigarsa, ya harari allon. Akwatuna uku ne baƙi ƙirin, kamar jiya, kamar shekaranjiya. Babu fuska, babu suna, sai lambobi.

Lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'a aka mayar da karatu ta intanet, ɗalibai tamanin da biyu ne a ajinsa na lissafi. Ya mayar da ɗakin baƙi aji, ya manna jadawali da lambar shiga a jikin ƙofa, ya kafa wa gidan doka: daga goma zuwa sha biyu, ko tari kada ya ji.

A mako na biyar abokin aikinsa ya rasu, mutumin da suka yi shekara goma sha huɗu a ofis ɗaya. Ba a bar kowa ya je jana'iza ba. Tun daga nan barci ya ƙaurace wa Dakta, abinci ya daina shiga, sai baƙin shayi. Ran nan wani ɗalibi ya roƙi a maimaita bayani saboda sabis ya yanke masa. Dakta ya wanke shi tas, ya haɗa da sauran ajin, har muryarsa ta dushe. Abin da ya biyo baya a gaban kyamarar, ba ya son tunawa.

Washegari ajin ya watse. Kwana biyu ya yi yana zaune da takardu a gabansa, ba wanda ya shigo. A rana ta uku waɗannan ukun suka bayyana, kuma tun daga ranar ba su taɓa fashi ba.

Ya tsane su. A ganinsa ba karatu ya kawo su ba, turo su aka yi su naɗi maganarsa a kai wa hukuma. Ba sa buɗe kyamara, ba sa buɗe baki. Idan ya yi tambaya sai a rubuto masa, “Mun gane, Malam.” Biyu daga ciki suna ƙoƙarin yin aikin gida, shi kuwa ya karanta shi a gabansu yana tsaki, ya ce ko 'yan sakandare sun fi ƙarfin wannan shirmen, iyayensu sun yi asarar haihuwa. Na ukun ya fi ba shi haushi. Bai taɓa warware lissafi ko ɗaya ba, amma kullum aka tashi sai ya rubuto, “Sannu da ƙoƙari. A samu a huta.” Wa ya tambaye shi?

A gida ma bai bar kowa ya sha ruwa ba. Da matarsa ta kawo maganar wani likita da ke sauraren mutane ta waya, sai ya tambaye ta tun yaushe ta mayar da shi mahaukaci, ya ture farantin abincin ya tashi. 'Yan biyunsa mata, da dā suke rigimar wadda za ta zauna kusa da shi, yanzu da sun ji motsinsa sai su shige ɗaki da wayoyinsu. Ya ce su ne suke cinye datar gidan da kallon banza, shi ya sa hoto ke tsaya masa ana tsakar darasi. Ba su musa ba. Saƙonnin sashensu na jami'a kuwa sun haura arba'in a imel ɗinsa, ko ɗaya bai buɗe ba. Ya san abin da ke ciki: makirci.

Yau ya ƙudura sai an yi ta ta ƙare. Ya ajiye alƙalami ya ce kowa ya buɗe kyamara, ko ya kai ƙararsu a kore su daga jami'ar. Ya ƙirga zuwa goma. Ya sake ƙirgawa. Akwatunan suna nan baƙi.

Ya ɗauki waya ya kira shugaban sashe, ya buɗe muryar don su ji da kunnensu. Ko gaisuwa bai tsaya ba, ya zazzage masa komai: rashin kunyar, rainin, da leƙen asirin. Shugaban ya bari sai da ya kai aya.

“Dakta, ba ka karanta takardar ba ke nan? Mako bakwai da suka wuce muka ba ka hutun rashin lafiya. Ɗalibanka duka tamanin da biyun suna wajen wata malama, yanzu haka ma suna darasi. Babu ɗalibinmu ko ɗaya a ajinka.”

Dakta ya kashe wayar. Ya jawo kwamfutar har hancinsa ya kusa taɓa allon. Mako bakwai yana shirya darasi, yana aske gemu, yana sa riga mai guga saboda su. Ranakun da ya ji kamar kada ya tashi daga gado, tsanar mutanen nan ce kaɗai ta tashe shi.

“To ku su wane ne?” ya ce. “Me na yi muku?”

Sai akwatin tsakiya ya kawo haske, hoton ya yi rawa ya daidaita a kan labulen ɗakin barcinsa, ga matarsa zaune a bakin gado, 'yan biyu a gefenta, kowacce da waya a hannu da littafi a cinya, matar ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Ci gaba, Baban 'yan biyu, muna jin ka.”