Ƙusar Rataye Babbar Riga

Ƙusar tana nan inda mai rahoton ya ce, a bayan ƙofa, daidai kafaɗar dogon mutum. Firdausi ta taɓa ta, ta gwada sakata, ta leƙa randar ruwa, sannan ta danna wayarta. Banɗakin bayan tashar mota ya koma kore a taswira, alamar an tabbatar da shi.

Taswirar banɗakunan jama'a ce ta Daura da kewaye, wadda ita da wasu 'yan sa-kai suka ɗora a manhaja. Kowa na iya sa ɗigo ya rubuta abin da ya tarar. Yawanci kalma biyu ake jefawa: "ba ruwa", ko "ya cika". Mutum ɗaya ne ya fita daban. Ya sa wa kansa suna Matafiyi, ba hoto, ba lambar waya.

Matafiyi yakan faɗi ko ramin yana fuskantar alƙibla. Yakan faɗi ko akwai inda za a rataye babbar riga, da ko mazauna bakin titi suna ganin wanda ya shiga. Bai taɓa yin kuskure ba.

"Wannan ai shi ne limamin masai," in ji Saminu, ɗan acaɓan da ke kai ta zagayen tabbatarwa. "In muka gano shi, rawani za mu naɗa masa."

A gida ba a yi mata irin wannan raha. Mahaifinta, Alhaji Kabo dillalin shanu, ya ji labarin taswirar bai ce mata komai ba. Dama ba ya ce mata komai. 'Yar fari ce, bai taɓa kiran sunanta ba, kuma ba ya haɗa ido da ita. Mahaifiyarta ya faɗa wa, da murya yadda Firdausi za ta ji daga ɗaki: "Duk karatun jinyar da 'yar nan ta yi, a ƙirgan masai zai ƙare?" Ya ɗauki butarsa ya fita.

Ta ga kwanan nan komai ɓata masa rai yake. Ya bar wa ƙaninsa Harisu cin kasuwanni, wai hanya ta ishe shi. Ya daina shan shayin safe. Wuni yake a zaure, waya a hannu, ana cewa hotunan bajimai yake dubawa.

Hankalinta dai yana kan Matafiyi, don ta fara lura da wani abu. A farko rahotanninsa daga nesa suke zuwa: Kongolam, Baure, kasuwar Mai'adua. Daga baya suka tsaya cikin gari. Sannan tazarar da ke tsakaninsu ta soma raguwa. Rahoto daga kusa da Kusugu, kafin ta ajiye waya wani ya shigo daga lungun gaba. Ma'aikaciyar jinya ce. Ta san abin da ke sa babban mutum ya haddace kowane banɗaki a hanyarsa.

Ranar wata Laraba ya rubuta game da wani sabon banɗakin masallaci: "Tayil ɗin fari ne, yana nuna jini. A shiga da ruwa da yawa."

Ta karanta tana tsaye a bakin ɗakin allura, ta sake karantawa. Ta rubuta masa a ƙarƙashin rahoton: "Baba, don girman Allah ka zo asibiti. Ko ka faɗa mini inda kake, ba wanda zai ji."

Bai amsa ba. Washegari ma ba rahoto, haka ranar Juma'a.

Ta kasa zama. Tana tashi daga aiki sai ta hau bayan Saminu su bi ɗigoginsa ɗaya bayan ɗaya. Ta tambayi masu gadin banɗakuna ko suna ganin wani dattijo mai yawan zuwa. Suka ce dattawa ai da yawa, kuma ba a kallon fuskar mai shiga, ba tarbiyya ba ce.

"Kin kore shi, Anti," Saminu ya ce, wannan karon ba wasa. "Mutum ya ɓoye kansa haka, ke kuma kika ɗaga masa labule."

Ta san gaskiya ya faɗa. Da ta yi shiru, da aƙalla tana ganin motsinsa. Yanzu taswirar na nan kore shar, shi kuwa mai ciwon yana wani wuri a garin nan yana zubar da jini, kunya ta fi masa ciwon zafi.

Bayan la'asar ranar Asabar, suna tsaye a gindin wata darbejiya tana sake bin tsofaffin rahotanninsa, wayar ta yi ƙara. Sabon ɗigo. Matafiyi.

"Tayar da mashin," ta ce.

"Ina muka nufa?"

Ta sa yatsu biyu ta buɗa taswirar. Unguwa ta fito. Ta ƙara buɗawa, layi ya fito, da kwanar mai injin markaɗe, da lungun da take bi kowace safiya. Ɗigon bai tsaya a masallaci ba, bai tsaya a kasuwa ba. A kan gidansu ya tsaya. Ta taɓa shi.

"Wannan na gida ne, ba na jama'a ba. Akwai ƙusa, akwai ruwa. Mai shi yana ciki, ya kasa tashi. A faɗa wa 'yar nan."