Jikokin Masunci

"A nemo mana duk jinin gidan," in ji babban likita, Bayaraben Ibadan da ke ba ƙungiyar agaji ta Birnin Kebbi shawara. Kansar ciki ta kashe wani shahararren masuncin Argungu, ta bi 'ya'yansa uku. Ana son duba jikoki tun ciwon bai tashi ba.

Shugabar ƙungiyar ta ɗauko maroƙin gidan, wai shi ya san asali.

Maroƙi ya tsaya ƙofar asibiti ya buɗe murya. Wa zai ƙi a kira shi jinin gwarzo a bainar jama'a? Duk wanda ya miƙa 'yar naira sai ya ji, "Wanga ma jikan masunci!" Kafin azahar mahauci ya zama jika, direba ya zama jika, layi ya kai bakin titi.

Likita ya fito a fusace, ya cusa wa maroƙi kuɗi a aljihu don ya yi shiru.

Maroƙi ya shafa aljihu, ya ƙara murya: "Ga babban jika nan! Ku dubi hanci, na kakanai sak!"

"To, likita," in ji shugaba, "kwanta a fara da kai."

Likita ya yi dariya, amma hannunsa na kan cikinsa.